Folda Mai Sunan Sha'aban

Da Juwairiyya ta gama takaba, ta koma ɗan ofishinsu da ke saman wani shagon taki a Azare. Ita da mijinta Sha'aban suka fara rubuta manhajar da manoman Gadau ke duba ranar shuka da ita, kafin babur ya kife da shi a hanyar Chinade. Ta zauna, ta kunna kwamfuta. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji ciwo ba, ji take kamar an aiko ta.

Jalo, abokin aikinsu, ya yi ta kame-kame kafin ya fito da maganar.

"Adda, sabbin ma'aikata na ruɗewa. Foldar marigayi sunansa take ɗauke da shi, ba sunan aikin ba. Sai an mayar da fayilolin cikin wata sabuwar folda, a kira ta 'shuka'. In ba a taɓa abin da ke ciki ba, git, tsarin da ke adana mana canje-canjen aiki, zai riƙe tarihinsu duka. Ko in yi miki?"

"Bar shi, zan yi."

To, Juwairiyya tarbiyyar Fulani gare ta, irin ta gidan da mace ba ta kama sunan mijinta. Tun aurensu "shi" take cewa, ko "maigidan". A waya ma "Gida" ta sa masa. Ko foldar nan ba ta taɓa buga sunanta ba, dannawa kawai take yi, shi kuwa ya yi ta tsokanarta yana cewa kwamfuta ba surukarta ba ce.

Amma umarnin mayar da fayil ba ya san kunya. Sai ka rubuta tsohon suna, sannan sabo.

Ta ɗora yatsu. Da ta buga haruffa biyu kwamfutar na iya cike mata sauran, ta sani sarai. Ta ƙi. Ta bi shi harafi bayan harafi har ƙarshe, leɓɓanta na motsi ba sauti. Karo na farko ke nan da ta rubuta sunan mijinta, kuma don ta cire shi ne.

Ta rubuta "shuka", ta danna, ta adana canjin.

Jalo ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta sakamakon.

"Alhamdu lillahi, ɗari bisa ɗari. Git ya ce ba a rasa komai ba, Adda. Suna kawai aka cire."

"To," in ji ta, hannunta na nan kan madannan.