Kaset ɗin Ata

Ƙanena Ermek makaɗi ne, wai. Kiɗan nasa ba ganga ba waƙa, sai wani dogon gunji irin na tsohon firji. Faifansa na farko ƙarar bututun ruwan zafi ce ta benenmu a Bishkek, na biyu kuma iskar bakin tafki. Turawa suka yi ta zuga shi, shi kuwa ya tara gemu ya koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori.

Ban taɓa damuwa da shirmensa ba sai da shekarar rasuwar Ata, mahaifinmu, ta zagayo. An sayo dokin yanka kamar yadda al'adarmu take, muna ta suyar borsok, cincin ɗinmu na sadaka, Apa, mahaifiyarmu, ta ce in ɗauko kaset ɗin bikina a sa wa baƙi. A cikinsa kaɗai muryar Ata ta rage, yana waƙa yana kaɗa komuz ɗinsa, molon gargajiyarmu. Na buɗe kwalin, wayam.

Ɗakin aikin Ermek na nufa. Na san yadda yake yi: ya yanko zaren kaset, ya manne bakinsa biyu, ya bar shi yana ta zagayawa a inji har ya goge, shi kuma yana naɗar gogewar.

"Ina kaset ɗin Ata?"

"Eje," in ji shi, wato Yaya, "zauna ki saurara. Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba."

"Na ce yana ina?"

Ya nuna ƙasa da haɓa. Guntayen zare ne warwatse cikin tokar sigari, ɗaya har ya manne a takalmina.

"Ka kwafa kafin ka yanka?"

"In akwai kwafi ai ba a rasa komai ba. Rashin shi ne kiɗan."

Na daka masa tsawa.

"Tir da kai! Ubanka ka daddatsa don a tafa maka?"

"Yana ciki, Eje. Jan muryar kawai na yi."

Na so in ce wa Apa kaset ɗin ya ɓata, amma ranar sadaka sai ga Ermek da lasifika, ko kunya babu. Bayan an ci nama an yi addu'a, Apa ta gyara ɗankwalinta, ta zauna a miƙe kamar mai jiran babban baƙo. Ermek ya kunna.

Gunji ya cika ɗakin. Dattawa suka dubi juna, wata gwaggonmu ta leƙa kicin ko wani abu ne ya lalace. Ermek ya lumshe ido yana gyaɗa kai, abin ƙyama. Apa kuwa ta karkata kunne, ba ta motsa ba har abin ya mutu don kansa.

Sannan ta dafa gwiwarsa.

"To, ɗana, injin ya yi ɗumi haka nan. Sa mana babanku, baƙi na jira."