Taswira ta Bakwai

"Shida sun zo, Kaka," in ji Hurbai tana gyara masa matashi. "Shida cikin bakwai ai ka yi ƙoƙari."

"Je ki faɗa wa teku haka," tsoho Jusab ya ce, tari ya sarƙe shi.

Shekara arba'in yana zana wa masu jiragen ruwan garinsu Mandvi taswira, daga bakin koginsu har Zanzibar: kowane tsibiri da yadda yake ɓullowa ido daga kan jirgi, kowace mashiga da zurfinta. Sai a dawowar bana wani jirgi ya iso da haƙarƙari a fashe. Dutse ya ci karo da shi a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Sukutra, daidai inda takardar Jusab ta nuna ruwa fes. Ba wanda ya mutu, ba kuma wanda ya ga laifin tsohon. Shi ne dai bai yafe wa kansa ba. Yana kwance ciwo na cinsa ya aika wa duk mai kwafin taswirar nan, shida suka kawo ya gyara musu.

Na bakwai mijin Hurbai ne, Alimamad, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Jusab, mutumin da taurin kansa ya isa a ɗaure jirgi a jikinsa. "Sau goma sha ɗaya na bi hanyar nan," ya ce da aka gaya masa. "Tsoho ya ji da jikinsa, ni lodi nake." Jibi kuma iska za ta juya, jirage su tashi.

Hurbai ta jira ya tafi bakin ruwa, ta buɗe akwatin da ko ƙurarsa ba a yarda ta share ba. Ta naɗe taswirar cikin mayafi, ta ratsa lungu zuwa wurin Jusab.

Sai dai idon Jusab ya tafi tun jiya. Ya karɓi alƙalami, hannun ya kama rawa, alƙalamin ya faɗi kan tabarma. Tausayinsa ya kama ta har ta kau da kai.

"Kuka kike, ko albasa kika yanka?" ya ce. "Matso. Ke mai ɗinki ce, hannunki ba ya rawa."

Ya shafa takardar a hankali kamar mai lallashin jariri, har ya tsaya. "Nan ne hancin tsibirin?"

"Nan ne, Kaka."

"To auna yatsa biyu zuwa kudu. Nawa, 'yar nan, ba naki ba! Naki sirara ne, sai ki kai mijinki kan dutsen da kanki."

Ta riƙe yatsunsa masu sanyi ta auna, ta tsoma alƙalami a jar tawada, ta zana da'ira da ɗigo-ɗigo a ciki yadda ya ce.

"Rubuta a gefe: Jusab ne ya manta da shi."

"Ai ban iya rubutu ba."

"To kawo tawadar." Ya tsoma babban yatsansa, ta kai masa hannun, ya dangwala a gefen dutsen. "Wanda ya gani ya san wa zai zaga."

Bayan la'asar ya cika, kalmar shahada a bakinsa, Hurbai na masa fifita.

Alimamad ya shigo gida yana bambami a kan wa ya taɓa masa akwati. Hurbai ta shimfiɗa masa taswirar. Ya ɗauko zarensa na awo ya ja shi kan hanyar da ya yi niyyar bi bana, wadda ya ɗan karkatar don ya riga sauran jirage isa. Zaren ya ratsa tsakiyar jar da'irar. Ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi ya fita ko takalmi bai sa ba.

Shi ya nemi a bar masa wankan gawar. Hurbai na bayan labule tana miƙa ruwan ɗumi ta ji liman yana cewa, "Jan tawadar da ke wannan yatsa fa ya ƙi fita, a ƙaro sabulu."

Ruwa na ta ɗiga daga kan katako.

"Bar masa, Liman," in ji Alimamad. "Bar masa ya tafi da shi."