Batirin Kaset ɗin Yaya

Da hantsi wata mata ta shigo shagon, da farar rigar asibiti a jikinta, ta ajiye wani tsohon kaset ɗin gem a kan tebur a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Mai Darma, wanda ya shekara talatin yana gyaran rediyo da talabijin a wannan ɗan shago, ya ɗaga shi ya duba. Takardar jikinsa ta koɗe, amma har yanzu ana ganin jarumin, Mai Jar Laima, yana tsalle daga wani rufi zuwa wani. A littafin zane aka fara saninsa, daga baya aka mayar da shi gem.

Ta ce ita nas ce, kaset ɗin kuwa na yayanta ne da ya rasu watan jiya. Suna yara shi ke buga gem ɗin, ita tana gefe da littafin a cinya tana gaya masa wane mugu ne zai fito a gaba. Mataki goma sha biyu ne, ya tsaya a na sha ɗaya, sunansa yana nan a ciki tun lokacin. An gaya mata batirin da ke riƙe da sunan ya kusa mutuwa.

Mai Darma bai katse ta ba. Da ta gama, ya jawo wata tsohuwar na'urar gem daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya haɗa ta da talabijin, ya saka kaset ɗin. Kiɗa ya tashi, sunan ya fito, da lamba sha ɗaya a gefensa. Ya buɗe mata gaskiya: da zarar an cire tsohon batir komai zai goge, sai dai in an yi aikin kaset na cikin na'ura, na'ura kuma a kunne. In wuta ta ɗauke tsakanin cire tsoho da sa sabo, ko na ƙiftawar ido ne, shi ke nan.

"In an bar shi fa, Baba?"

"Wata ɗaya, ko shekara. Ban sani ba, 'yata."

Ta ce a yi.

Mita ɗaya suke sha da telan da ke maƙwabtaka da shi, kuma duk ranar da dutsen gugar Tela ya haɗu da ƙarfensa na liƙin darma, makunnin mita faɗuwa yake yi. Saboda haka ya leƙa ya roƙe shi minti goma sha biyar ba guga. Tela ya ce yana da wando shida da za a zo karɓa, amma albarkacin furfura ya ba shi, ya kuma tambaya ko tiyatar zuciya za a yi a shagon ne da aka kawo nas. Mai Darma ya ce ta fi wannan. Tela ya yi dariya, ya duba agogon bangonsa.

Sai kusoshin kaset ɗin suka ƙi. Irin masu baƙon kai ne, ɗaya kuma ya yi tsatsa. Sai da ya goge bakin wata sukundireba da zarto kafin ya fito da koren allon da ke ciki. Ya mayar da allon tsirara cikin na'ura, ya kunna, ya tabbatar sunan na nan. Bai duba agogo ba.

Ya ba Nas aikinta. Ba ya taɓa allo mai wuta da ƙarfen da ke jone, don haka in ya ce cire, ta zare wayar ƙarfen daga soket, shi kuma ya yi aiki da sauran zafin da ke bakinsa. In ya ce mayar, ta mayar. Ta naɗe hannun riga ta tsaya.

Ƙafar tsohon batir ta farko ta saki ba gardama. Ta biyu sai da aka ɗumama ƙarfen sau uku. Ya ajiye tsohon a gefe. Yanzu ba abin da ke riƙe da sunan sai wutar bango. Ya ji gumi na bin bayan wuyansa. Ya ɗora sabon batir, ya liƙe ƙafa ɗaya, darma ta kwanta fes. Ya ce mayar, ta mayar. Ya kai ɗan yatsa zai danne ƙafa ta biyu a mazauninta kafin ƙarfen ya yi zafi.

Kiɗan ya yanke. Fanka ta fara lafawa a bisa kansu.

Yatsansa na kan ƙafar batir. Abin da bai sani ba shi ne ko ta taɓa kafin wutar ta ɗauke, ko bayan. Ya nemi abin a ransa, ya rasa. Amma in har ta taɓa a kan lokaci, to yanzu yatsan nan kaɗai ke riƙe da komai.

Tela ya leƙo da dutsen guga a hannu, yana cewa shi fa har minti biyu ya ƙara a kan alkawari. Da ya ga fuskokinsu, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Mai Darma ya ce masa, ba tare da ya juyo ba, ya ajiye dutsen ya je ya ɗaga makunni. Tela ya ce akwatin mita a kulle yake, makullin na wajen maigadi, zai nemo shi. Ya fita da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

Shekara biyu ke nan hannun Mai Darma yana ɗan rawa in ya daɗe a wuri guda. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ya ji abin ya taso daga gwiwar hannu, yana gangarowa. Ya dafe wuyan hannun da ɗaya hannun, bai hana ba. Nas ta gani, ganin irin wannan ai aikinta ne. Ta buɗe jaka ta fito da hantsaki, ta naɗe bakinsa da filasta kamar yadda ya umarce ta, ta sunkuyo.

"Kada ka ɗaga sai na ce, Baba."

Ta zura hantsakin a gefen farcensa, ta danne ƙafar batir.

"Na riƙe. Saki."

Ya janye yatsan da ƙyar, ya ga shatin ƙarfe a jikinsa. Hannunta kuwa ko motsi. Suka tsaya a haka, suna jin muryar Tela can waje yana kiran maigadi.

Da wutar ta dawo, talabijin ya haska, Mai Jar Laima ya fito yana kaɗa laimarsa. Danna maɓalli ɗaya ya rage a san abin da ke ciki. Idonta ya kai kan maɓallin. Ya ce a'a, sai an liƙe. Suka jira ƙarfen ya yi zafi. Tela, da ya dawo yana haki, shi ya zare wayar. Mai Darma ya jingina gwiwar hannunsa da tebur, ya ɗauke numfashi, ya ɗiga darma a gefen hantsakinta. Ya ƙirga biyar, ya ce ta ɗaga.

Sannan ya kashe na'urar da hannunsa, ya sake kunnawa, ya tura mata abin dannawa. Ta goge tafin hannunta a riga, ta danna.

Sunan ya fito, da lamba sha ɗaya a gefensa.

Tela ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a kan wani mataccen talabijin. Nas ba ta ɗauke ido daga allon ba. Can ta roƙi Mai Darma ya sake kashewa ya kunna. Ya yi, sunan ya fito. Ta ce a ƙara sau ɗaya. Ya miƙa hannu ya kashe.