Ɗakin Iya Mai Taya

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba. Wai ga ni a bakin garejina ina harhaɗa wa Iya ɗakin nan mai taya da na daɗe da farawa, wanda mota za ta ja har Gumel ta ga yayarta, Inna Talatu. Shekara goma sha ɗaya rabonsu da juna, don bayan Iya ba ya jure zaman mota, sai kwanciya.

Kayan aiki suka yanke mini, na nufi ofishinsu. Wani bunsuru na tarar a kan kujera, da tabarau, yana cin takardar da ya gama sa wa hannu.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe nake so, da sifirin biyu masu ɗaukar nauyin mota, da katako, da taya."

"Nan ba ma sayarwa," in ji shi. "Je ka gaishe su. Wanda ya amsa ya bi ka."

Na durƙusa na gaida ƙarfe, ya amsa a daƙile. Katako har mutan gida ya tambaye ni. Kusoshi kuwa, 'yan banza, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Taya ce ta yi kunnen uwar shegu, sai da na ce don Iya ne sannan ta gangaro.

Sai ruwa ya kece, daga ƙasa yana hawa sama. Ba shiri na buga kwanon rufi a ƙarƙashin ɗakin.

Iya ta leƙo, ta ƙwanƙwasa katakon ƙasa da sandarta.

"Tanimu, wannan ai akwati ne. Ɗakin da ba daɓe, wa zai kwana ciki?"

"Haba Iya, daɓe nauyi gare shi, sifirin ba zai ɗauka ba!"

"Ungo nan. Ni na haife ka ko sifirin?"

Kafin in rufe baki matan unguwa sun cika ɗakin da tsakuwa da makuba, suna ta bugu da madaɓi suna waƙa. Raina ya ɓaci, amma wa ya isa? Suna gamawa sifirin ya kwanta, taya ta nutse, ɗaki ya ƙi motsi ko taku ɗaya. Na zauna na fashe da kuka.

"Share hawayenka," in ji Iya. "Tunda mun kasa zuwa, ai Gumel sai ta zo."

Na ɗaga kai, ga garin nan tafe a kan titi da kukokinsa da rijiyoyinsa, ya kunna sigina ya faka. Inna Talatu ta sauko, ta shigo ta zauna kan sabon daɓe. Iya ta kama ƙafarta tana matsa mata, su biyun suna dariya ba haƙori. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Ƙarar buta ce ta tashe ni, Iya na buga ta a jikin ƙofa in zo in tayar da ita ta yi alwala. Na ɗaga ta, ba nauyi ko kaɗan.

"Ɗakin nan fa?" ta ce. "An ce Yaya ta daina cin tuwo."

"Saura taya, Iya. Yau zan sa."