Takardar Sallamar Malam

…kuma sai ni. Duk faɗin jami'ar nan babu mai sa hannu a takardar nan sai ni, shugabar tsangaya, wai. Kwamiti ya zauna, kowa ya gyaɗa kai, aka turo mini fayil. Layi huɗu kacal: an sallame ka daga koyarwa saboda rashin lafiya.

Kana ofishin sakatariya, Malam. Ina jin tarinka ta ƙofa. Minti arba'in ke nan.

Lacca ɗaya ka maimaita wa 'yan aji uku har sau huɗu: yadda kogi ke cin gaɓarsa. Ba su yi dariya ba, bayin Allah, rubutawa suke yi… sai da ka ba kowa maki iri ɗaya a jarrabawa suka kawo ƙara. Yara ɗari da ashirin. Me zan ce musu? Ku yi haƙuri, malamina ne?

Jan bironka. Babi na uku na kundin digirina, sau bakwai kana dawo mini da shi, ga cikin wata takwas, ina kuka a kan matakala — "Tashi, Auta, waƙafi kika manta, ba mutuwa aka yi ba." Kai ka je har gida ka lallashi maigidana ya bar ni in ƙarasa. Kai ka miƙe a majalisar jami'a ka ce a ba ni kujerar nan. Wannan kujerar!

Waya kuma. Ofishin shugaban jami'a: kafin ƙarfe biyu. Jiya Inna ce, matarka, murya ƙasa-ƙasa: "'Yar nan, tun da sassafe yake ɗaura agogo ya ɗauki jaka. In kin hana shi, ina zan ce ya nufa?"

In ajiye muƙamin? Mataimakina zai sa hannu yana shan shayi, ko miƙewa ba zai yi ya gaishe ka ba. In ɓoye fayil ɗin? Litinin akwai aji…

Ƙofa. Ka gaji da jira. Maɓallin rigarka ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa. Kana leƙa takardar daga inda kake tsaye, idonka tar, irin na da.

"Auta, dokar nan ni na rubuta ta. Sa hannu mana."

Alhamdu lillahi… ashe ka sani. Na sa.

Ka ɗauka, ka gyara tabarau, kana bin layukan da yatsa. Ka girgiza kai.

"Kai, abin tausayi. Wane bawan Allah ne aka sallama?"

To yanzu sai in faɗa maka da bakina. Gobe ma za ka zo… jibi ma… kullum sabo ne a wurinka, ni kuwa —

Zauna, Malam. Zauna tukuna.