Bencin Gwaggo Yelwa

"To ina kika kai shi?" in ji Gwaggo Yelwa, tana tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki, hannu a ƙugu. "Bencin nan ya girme ki, ke Ikilima. A kansa nake yi wa uwarki kitso."

"Yana zaure, Gwaggo. Ba faskara shi na yi ba."

Ikilima 'yar ƙanen Yelwa ce, tela, kuma tunda ta je wani taron mata masu sana'a a Kano ta dawo da sabon salo. Keken da ke kallon taga yanzu bango yake kallo. Zare ya shiga gwangwanaye, kowane launi da gidansa. Atamfofin mutane an ninke an jera a kanta. Har rediyo an kora. Wanda ya leƙa sai ya rantse ɗakin allurar asibiti ne.

"Shekaranjiya ina sauraron labarin yajin Mairo a bakinki, na yanke wuyan rigar amarya a karkace," Ikilima ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ga Sallah ta matso."

"Ni na riƙe almakashin?"

"Bakinki ne ya riƙe."

Gaskiya dai bakin Yelwa ba ya hutu, duk Wudil an shaida. Amma tunda mijinta Malam Isyaku ya rasu, ɗanta Tasi'u kuma ya kwashe iyalinsa zuwa Fatakwal, gidanta ya koma kamar masallaci bayan an watse. Kullum da hantsi takan yafa mayafi ta bi ta wajen masu kifi a bakin gada, ta tsinto labari nan, ta tsinto can, ta kawo bencin nan ta sauke. Ba ta da wani wurin saukewa.

Da rigima ta ƙi ƙarewa, Ikilima ta tura mata kujera 'yar tsugunno bayan ƙofa. "Zauna. Amma don Allah ban da hira sai na tashi sallar azahar."

Yelwa ta zauna. Babu taga, babu masu wucewa, sai bayan Ikilima da ƙarar keke. Ga labarin Labaran mai shayi da zafinsa a bakinta, ta haɗiye. Ta kalli gwangwanaye. Ta kalli farcenta.

Can sai ta fara, murya ƙasa-ƙasa, kuma ba zancen Labaran ba ne.

"Jiya na tuƙa tuwo, 'yar nan, na kwashe malmala biyu. Sai da na ajiye na tuna babu mai cin ɗayar."

Ikilima ta gyaɗa kai.

Zuciyar tsohuwa ta yi sanyi. Ta ce Tasi'u ya daina kira, sai in ita ta roƙi maƙwabta a buga masa. Ta ce in ta yi magana a gidan can, akuya ce kaɗai ke waiwayowa. Ta ce har butar Malam takan cika da ruwa. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba duk ta zazzage, Ikilima kuwa sai gyaɗa kai take yi, a hankali, a hankali.

Sai almakashi ya faɗi. Ikilima ta sunkuya, ɗankwali ya zame, ga ɗan farin abin nan na waya cushe a kunnenta. Ashe waƙa take bi da kai.

Ta zare ɗaya. "Magana kika yi, Gwaggo?"

"Da wa zan yi?"

Yelwa ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafi. Kujerar ma sai da ta mayar da ita lungu, ta daidaita ta da bango, kar a ce ta ɓata tsari.

"Ba za ki jira a sauke shinkafa ba?" in ji Ikilima.

"Ina da malmala a gida."

Ta fita, ta jawo ƙofar langa-langa ta buga, har gwangwanin jan zare ya faɗo daga kanta.