Santimita Biyu na Iliya

Ƙanena Iliya tsawonsa mita ɗaya da santimita hamsin da takwas. Na sani don ni na auna shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, a likitar da nake aikin jinya a Tawa. Duk wasannin duniyar nan bai ga wanda ya yi masa ba sai basket, wasan dogaye, wanda ake jefa ƙwallo cikin kwando can sama. Da kokawa ya zaɓa kamar sauran samarin Adar, da na huta da dariyar mutane.

Abin haushin kuma, ya iya. In ya riƙe ƙwallon a filin Samariya, dogayen sai sun duƙa su nemo shi, kafin su duƙa ya wuce ta ƙarƙashin hammatarsu. Akwai wani Idi ɗan Takanamat, dogo kamar giginya, da ya taɓa zama daɓas a tsakiyar fili ya rantse yaron nan yana da layar zana. Tun Iliya yana ɗan lakwal, wato firamare, yake wasan, ni nake wanke masa gwiwoyi da jan magani, don ni na rene shi bayan rasuwar mahaifiyarmu yana shekara shida.

A shekarar tamanin da huɗu ruwa ya ƙi. Gonarmu ta Bambeye ko kara ba ta ba mu ba, makiyaya suka cika bakin gari da ragowar awaki. Iliya ya koma dako, yana sauke buhunan jar dawar agaji daga manyan motoci. Daga safe zuwa azahar buhu a ka, da la'asar ƙwallo a hannu. A wannan shekarar ce 'yan Tawa suka je wasannin matasa na ƙasa suka kayar da wata ƙungiyar sojoji ta Yamai, Iliya shi kaɗai ya ci maki ashirin da shida.

Bayan wata guda takarda ta zo. Ƙungiyar sojojin nan ta Yamai tana son sa. Za a ɗauke shi soja, a ba shi albashi da ɗaki, aikinsa kawai ya buga ƙwallo. A lokacin nan babu wata hanya da mutum zai ci abinci da basket sai wannan. Sharaɗi ɗaya ne: likitan soja zai zo Tawa ya duba sababbin shiga, kuma ba a ɗaukar wanda bai kai mita ɗaya da sittin ba.

Santimita biyu! Ko faɗin yatsuna biyu bai kai ba.

Nan fa kowa a unguwa ya zama likita. Maƙwabciyarmu Zaliha ta kawo nonon raƙuma, a farin nan da ko raƙumar ba ta ƙoshi ba. Abokansa suka rataye shi a reshen bedi, biyu suna jan ƙafafunsa, har na fito da muciya na kore su. Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. Mutum ya fi tsawo in ya tashi daga barci, yini ne da nauyi suke danne shi. Na hana shi dako kwana huɗu, na ce ya kwanta a tabarma ba matashi. Kowace safiya ina tashinsa in jingina shi da bango in auna. Rana ta uku ya kai sittin cif. Na sake aunawa, sittin. Na ce masa, "Ka ji ni da kyau. Ran awo ba ka taka ƙasa sai gaban ma'auni."

Ranar na ɗauko amalanken jaki, muka shimfiɗa shi a kai, na rufa masa zane saboda rana. Ban yi tunani ba. Ba mu kai kasuwa ba mutane suka fara tashi tsaye suna salati, wasu suka biyo mu. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana cewa, "Hanatu, yaushe? Mi yas same shi?" Na ce lafiyarsa lau, tsawo muke kai wa. Shi kuma gogan yana ƙarƙashin zane yana ƙyalƙyala dariya, har na ce in ya ƙara motsi zan mayar da maganar tsohuwar gaskiya.

A farfajiyar da ake awon samari kusan sittin ne a layi, ba riga, ba takalmi. Ni an ba ni sikeli, ina auna nauyi a gefe. Na roƙi sojan ƙofa ya bar Iliya a kwance a inuwa har a kira shi, ya dube ni kamar mahaukaciya, amma ya bari. Likitan, wani kaftin mai tabarau, yana zaune da babban littafi, shi ke karanta lambar da kansa. Komai ya tafi yadda na tsara, har sai da na ga wanda aka kawo ya riƙe ma'aunin tsawo.

Majo Gambo ne, tsohon shugaban ma'aikatan jinya, dattijo a majami'armu. Kuma shi ne mahaifin Rut, yarinyar da kawunnanmu suka kai wa gaisuwar auren Iliya wata biyu da suka wuce. Tun ranar Iliya bai sake bin titin gidansu da rana ba. In ya hango Majo a hanya sai ya faɗa lungu.

Aka kira sunansa. Ya tashi a hankali kamar yadda na koya masa, ya shigo a miƙe, sai ya ɗaga ido ya ga surukinsa. Ina kallo wuyansa ya shige cikin kafaɗu. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, Iliya. Tashi, hau nan."

Ya hau, amma kansa a sunkuye, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a rufe da ƙirji don kunyar tsayawa ba riga. Kaftin ya ce da Faransanci ya miƙe. Ya miƙa bayansa kaɗan, kan bai taso ba. Majo Gambo, Allah ya sani yana son yaron ya wuce, ya sa yatsu a haɓarsa ya ɗaga. Iliya na jin hannun surukinsa a fuskarsa sai gwiwoyin suka ƙara sauka. Shi ma Majo kunya ta kama shi, ya kau da kai yana duban bango.

Na manta da sikeli, na manta da sojoji. "Iliya! Ɗaga kanka, don Allah! Dubi gabanka!"

Ya juyo da ido wajena, ya mayar ƙasa. Kaftin ya dubi agogo, ya dubi layin da ke waje, ya ce a sauke katakon ma'aunin a kansa. Ya leƙa ya karanta: ɗaya da hamsin da bakwai. Tunda nake auna yaron nan bai taɓa gajarta haka ba. Kaftin ya ja layi a kan sunan, ya kira na gaba.

A waje na tare shi. Ban san abin da ban faɗa masa ba. Kwana huɗu na ciyar da ƙato a kwance, na zagaya gari da shi kamar gawa, ya kayar da sojoji biyar na Yamai amma ya kasa tsayuwar minti ɗaya. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Yaya, baban Rut na hwa. Ƙaƙa za ni tsaya mishi ƙerere? Ke kic ce in kin ƙara ganin na ɗaga kai gaban babba sai kin karya ni."

Na faɗa. Yana ɗan shekara bakwai na fara faɗa, da ranƙwashi, don kada a ce maraya ya tashi ba tarbiyya. 

Washegari ya ɗauki gammonsa ya koma wajen motocin dawa. Ya yi shekara tara yana buga wa Tawa ƙwallo, da la'asar, bayan ya sauke buhu, har gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Takardar Yamai ba ta sake zuwa ba. Ya auri Rut. Majo Gambo kuwa har ya rasu, duk taron da ya gan ni sai ya nuna ni ga mutane ya ce bai taɓa ganin yaro mai ladabi irin Iliya ba, Hanatu ta iya reno. Nakan ce na gode, in tashi in bar wurin.